Ni na sa aka kankare bangon ɗakin Inna, amma matar ƙanena aka kora

Assalamu alaikum Admin, da duk masu karanta wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙon ku, kafin wani ya fara zagina ya daure ya karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina safe da yamma ya ishe ni. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, ba da sanyin zuciya nake wannan rubutu ba. Haushi nake ji. Haushin kowa nake ji a gidanmu, har mahaifiyata da ke kwance ba ta tsira ba, Allah Ya yafe mini.

Ina aure a Zawaciki. Mu uku iyayenmu suka haifa: Yaya Sani ne babba, yana sayar da yadi a kasuwa, sai ni, sai autanmu Habu, direban babbar mota a wani kamfanin roba da ke Sharada, wanda in ya ɗauki kaya zuwa Nijar sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Gidanmu yana Panshekara. Tun rasuwar Baba, Inna ce a ciki tare da Habu da matarsa Sa'adatu da 'yarsu ta goye. Ita Sa'adatu 'yar wani ƙauye ce a Jigawa, mai shiru-shiru, irin wadda in ka taka mata ƙafa ita za ta riga ka cewa yi haƙuri.

Maganar a kan bangon ɗakin Inna ce. Na san za ku ce bango kuma? E, bango. Baba ma'aikacin kamfanin fata ne a Challawa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma da hannunsa ya gina gidan nan, ɗaki bayan ɗaki, in ya taso daga aiki. Ba magini ba ne, amma Allah Ya jiƙansa, mutum ne da bai yarda akwai aikin da ya fi ƙarfinsa ba. Da ya zo yaɓe, sai ya kwaɓa siminti ruwa-ruwa, ya riƙa tsoma tsintsiya yana watsa wa bango, ya bar shi haka ya bushe. Mutane a katangar waje suke irin wannan, shi kuwa har cikin ɗakin kwana ya yi. Bango ya fito ƙurji-ƙurji kamar bayan kada. Daga baya da aka kawo wuta unguwar, ya ja waya daga gefen gado har bakin ƙofa, ya bi ta da siminti ya rufe, sai ta tashi ta yi tudu dogo daidai ƙugun mutum, inda ta ƙare kuma ya dunƙula ragowar simintin ya manna, ya zama wani curi kamar na fura. Sannan ya shafe komai da shuɗin fenti mai duhu, ya koma gefe yana yaba kansa.

Tun ina yarinya na tsani bangon nan. Ya sha yage mini gwiwar hannu, ya ci mayafaina ba adadi, ƙura ta shige ramukansa, gizo-gizo ya mai da shi gidan gado, in ka kawo tsintsiya za ka share sai ya cinye tsintsiyar. Lokacin bikina dangin mijina suka zauna a ɗakin, wata gwaggonsa ta jingina, leshinta ya maƙale ya tsinke, ta miƙe tana karkaɗe jiki tana cewa, “Ikon Allah, gidan nan har bango cizo yake yi!” Aka kwashe da dariya, ni kuwa ina lulluɓe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yau in matar nan ta gan ni a taro, bayan gaisuwa sai ta ce, “Ya bango?” Na sha yi wa Inna magana a gyara, amsarta ɗaya ce kullum: “A bar shi, hannun Malam ne.”

Bana Allah Ya hore wa Yaya Sani ya biya wa Inna aikin Hajji, suka tafi tare. Kun san yadda muke yi: alhaji ko hajiya ba sa dawowa su tarar da ɗaki yadda suka bar shi. Sai an yi fenti, an sake labule da shimfiɗa, saboda 'yan sannu da zuwa za su cika ɗakin, kowa ya sha zamzam ya ci dabino, idonsa kuma yana yawo a jikin bango. Kafin su tafi Yaya ya ce da ni, “Ke za ki kula da gyaran ɗakin. A sake fenti kawai, irin kalar da ke nan. Kada a taɓa yaɓen, Inna ta ce.” Na ce to. Amma ina cewa to ɗin ina hango matan abokan Yaya da za su zo da manyan mayafai, ina hango gwaggon mijina tana neman inda za ta zauna nesa da bango tana murmushi. A lokacin ban daɗe da yi wa falona sikirdin ba, wato shafa farin garin nan da ake yi wa bango a goge har ya yi sumul. Na ce a raina, ni ina kwana a ɗaki mai santsi, uwata Hajiya guda ta dawo daga Makka ta shiga wancan kogon? Wallahi a ganina alheri zan yi. Ku riƙe wannan, don shi kaɗai ne abin da nake da shi na kare kaina.

Na jira Habu ya yi tafiya, na ɗauko masu aikin da suka yi mini falo, muka cika adaidaita sahu da buhuna da bokitai muka sauka a Panshekara. Sa'adatu na ganin guduma da kurfi a hannunsu ta taso da sauri. Ta ja ni gefe ta ce, “Yaya, don Allah ku bar bangon nan.” Na ce saboda me? Ta ce, “Inna ba za ta so ba.” Nan take raina ya ɓaci. Na ce, “Ke ce za ki gaya mini abin da uwata take so? Yaushe kika zo gidan? Naki ɗakin da aka yi wa jere ba sumul yake ba? Wato ke ki miƙe ƙafa a ɗaki mai kyau, uwar mijinki kuwa ko oho, ko?” Na wanke ta tas a gaban maza baƙi. Har na juya zan shiga ɗakin ta biyo ni ta kama bakin mayafina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, “Yaya, to ko layin nan na wayar wuta, ku bar shi. Shi kaɗai. Da curin da ke bakin ƙofa.” Na yi dariya. Abin da ya fi komai muni a ɗakin shi take roƙo a bari! Na ce mata ai da shi za a fara.

Sai kuma na tuna in Habu ya ji zai buga wa Yaya waya a Makka a tsai da aikin. Ga shi ina so ranar da suka dawo in tsaya a tsakiyar ɗaki in ce ni na yi, kowa ya sa mini albarka. Don haka na tsare ta na ce, “Ki ce wallahi ba za ki gaya wa kowa ni na sa ba, ko Habu, sai na faɗa da bakina.” Ta kau da kai, na daka mata tsawa. Ta ce wallahi, hawaye na zuba. A lokacin na ɗauka munafunci ne kawai irin na matan ƙanne.

Aka kankare bangon, ƙura ta turnuƙe gidan har abinci sai a rufe ake ci. Aka binne wayar a cikin bango, aka shafa garin, aka bi da sanfefa, aka sake shafawa, aka kawo farin fenti mai ƙyalli aka zuba. Na sayo farin labule na rataya a ƙofa. Da aka gama na shafa tafin hannuna daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko ƙwayar yashi ban ji ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Habu ya dawo ana gobe alhazai za su sauka, ba na nan, ya tambayi matarsa wa ya yi, ta ce, “An ce kar in faɗa tukuna.” Shi kuma da yake tana ɗan ɗinkinta a gida, sai ya ɗauka ita ce ta yi wa surukarta bajinta tana jin kunyar faɗa.

Ranar da suka sauka gida ya cika maƙil. Na ci ado, na shirya maganar da zan yi. Yaya ya shigo riƙe da hannun Inna, yana ɗaga labule ya tsaya cak. Na san fuskar nan tun muna yara, in ta yi haka ba a tsayawa kusa. Ya juyo a gaban mutane, a gaban gwaggon mijina da ke zaune a tsakar gida, ya ce, “Wa ya yi wannan? Me na ce kafin in tafi?” Maganar da na shirya ta gudu. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Ni ma haka na zo na tarar, Yaya. Ka tambayi masu gidan.” Sa'adatu na tsaye da faranti cike da kofunan ruwa. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ta sunkuyar da kai. Habu ya yi ta ba Yaya haƙuri yana cewa yarinta ce, ta yi ne don ta faranta. Inna kuwa ta miƙa hannu ta dafa bangon, ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta sake shafawa kamar mai neman abin da ya faɗi, sannan ta ce, “Alhamdu lillahi. A zaunar da ni.”

Baƙi suka yi ta yabo. Gwaggon mijina har da cewa yanzu ne aka yi ɗaki, Allah Ya yi wa matar Habu albarka. Kun ji fa! Ni na yi wahalar, ni na sha ƙurar, albarkar ta tafi wajen wata, faɗan Yaya ma ya tafi wajenta, na koma gida da haushi biyu. Na ce a raina bari ƙura ta lafa, in Yaya ya huce sai in faɗa masa cikin raha. Ƙurar ba ta lafa ba. Ba a yi mako ba, da azahar, Sa'adatu na kicin tana dafa wa baƙi abinci, Inna ta tashi za ta fita alwala. Akwai 'yar matakala a bakin ƙofarta, daga ɗaki ake sauka tsakar gida. Ta zuba ƙafa a iska, ta faɗi a kan siminti, ƙashin ƙugunta ya karye.

A asibiti ne komai ya tonu. Likitan da ya duba ta ya haska mata fitila a ido, ya daɗe yana haskawa, ya juyo ya ce da mu, “Tun yaushe Hajiya ta daina gani?” Muka dubi juna. Yaya ya ce wace irin magana ce wannan, matar da ta yi ɗawafi da ƙafarta? Sai Inna ta ce a bar likita, gaskiya ya faɗa. Ashe tun Baba na da rai idon ya fara tafiya, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Ta ɓoye mana don ta san in Yaya ya ji zai ɗauke ta daga ɗakin Malam ya kai ta gidansa, a riƙa jan ta da hannu, jikoki suna cewa a ba makauniya hanya. A Makka mata ke riƙe da ita kamar yadda ake riƙe kowace tsohuwa a cunkoso, Yaya bai kawo komai a ransa ba. A gida kuwa bangon ne idonta. In ta sauko daga gado sai ta dafa tudun wayar nan ta bi shi, in hannunta ya taɓa curin ta san ta iso matakala, sai ta sauke ƙafa a hankali. Bangon duhu ne, ƙofa haske, ko daga gado tana gane inda mafita take. Wani gurbi da ke kusurwa shi ke nuna mata gabas in za ta yi salla. Ni na zo na kankare duka, na mai da bango fari, labule fari, ko'ina haske iri ɗaya. Tun da Inna ta dawo, Sa'adatu ke kama hannunta a ɓoye ta fitar da ita, ranar nan ce kawai ta ji nauyin kiran yarinyar daga bakin wuta.

Sa'adatu kaɗai ta sani, ita ma Inna ta roƙe ta kada ta faɗa. Habu na jin haka ya fita hayyacinsa. A barandar asibitin, mutane na wucewa, ya ce da ita, “Kin san ba ta gani?” Ta ce, “Na sani.” Ya ce, “Kin san da bangon take tafiya?” Ta ce, “Na sani.” Ya ce, “Kuma kika sa aka kankare shi?” Ta yi shiru. Ya sake tambaya. Ta juyo ta dube ni. Ina tsaye a wajen, ina jin komai, na mai da idona kan wata mata da ake turawa a keke kamar ban taɓa ganin keken asibiti ba. Habu ya ce ta ɗauki goyonta ta tafi gidansu sai ya neme ta. Yaya ya ce da matarsa ce ko kwana ba za ta ƙara da aurensa ba, wannan ba kuskure ba ne, neman rai ne. Ta tafi tasha da 'yarta a baya, ko kayan sawa ba ta koma ta ɗauka ba.

Yanzu ku bar ni in faɗi haushina, don in ban faɗa ba zai kashe ni. Ina jin haushin Inna. Ni ce 'yarta mace tilo, ni ya kamata in fara sani, amma ta ɗauki sirrinta ta ba 'yar wasu. Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan, ina zama a gabanta, ina nuna mata atamfa ina cewa Inna ya kuka ga wannan, tana cewa ta yi kyau. Ashe wasa take da hankalina? Da ta ce mini “'yata, da bangon nan nake gani,” wane mahaukaci ne zai kawo guduma? Ina jin haushin Yaya da ya mai da kansa dodo, har mace mai 'ya'ya kamata take yin ƙarya don tsoron tsawarsa. Ya yi wata guda da uwarsa a ƙasa mai tsarki bai gane ba ta gani ba, amma shi ne mai bakin cewa wani ya yi sakaci. Ina jin haushin Habu da ya zauna da mace shekaru bai san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Ko Baba da ke kabari na ji haushinsa, na ce da ya kira magini tun farko da duk ba a yi haka ba, sannan na yi istigfari. Sa'adatu kuwa ita na fi jin haushi. Me ya hana ta buɗe baki ran nan ta ce Yaya, Inna ba ta gani? Kalma nawa ce? Sai dai in na kwanta na tambayi kaina, da ta faɗa ɗin zan saurare ta? Ko cewa zan yi tana yi wa uwata fatan makanta? Na san halina. Na san amsar, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai.

Na kira ta a waya ina huci, ni mai laifi ni ce mai faɗa. Na ce, “Ke wace irin mutum ce? Ana neman kashe miki aure kin yi gum? Me ya hana ki faɗa?” Ta ce, “Yaya, na ce wallahi.” Na ce, “To ki yi kaffara mana! Ke kaɗai ce mai tsoron Allah a duniya?” Ina jin kukan 'yarta da na awaki a bayanta. Sannan ta ce, “Ko na yi kaffara, in na ce ku ne, ku ce ba ku ba ne, wa za a yarda da shi? Kuma ba na so in sa Habu ya zaɓa tsakanin matarsa da yayarsa. Ku kuka ce za ku faɗa da bakinku. Ina jira.” Ta tambaye ni ko ana juya Inna a kan gado, don kada bayanta ya yi gyambo, ta ce kuma Inna ba ta son kunu da sukari da yawa. Na kashe wayar na jefar da ita a kan katifa. Da zagina ta yi, da na samu abin riƙewa.

Na koma wajen mai aikin na ce ko zai iya mayar da bangon yadda yake. Ya yi dariya ya ce shi tun da yake bai taɓa jin wanda ya biya aka gyara kuma ya dawo a ɓata ba. Ya ce zai iya watsa siminti ya yi ƙurji, amma ba zai zama wancan ba, hannun Inna ba zai gane shi ba. Ko da ma ya iya, aikin banza ne, don da aka sallame ta Yaya bai bari ta koma Panshekara ba, gidansa ya wuce da ita. Abin da ta yi shekaru tana gudu, ni na kai ta da hannuna. Tana kwance a wani ɗaki mai tayil har bango, ba ta san gabas ba sai an juya ta.

Ni nake jinyarta yanzu. Kullum da safe ina hanya daga Zawaciki, ni ce wanka, ni ce wanki, ni ce ba da abinci a baki. Masu zuwa dubiya suna ta sa mini albarka, suna cewa haihuwar 'ya mace rahama ce, sannan su gyara zama su fara cin naman Sa'adatu. Wata ta ce dama shiru-shirun nan ba na Allah ba ne. Wata ta ce ɗakin take so a bar mata. Ina jin su, ina zuba musu ruwa, wani lokacin har in gyaɗa kai. Mijina bai sani ba, ya ɗauka fenti kawai na je na tsaya a kai. In na faɗa yanzu, ba maganar bango ba ce kuma. Maganar ita ce na yi ƙarya a gaban jama'a, na tsaya ina kallo aka kori yarinya da goyo, na bar ta tana shan zagi ni ina shan albarka. Yaya zai iya hana ni taka gidansa, kuma a gidansa uwata take. Habu ban san ko zai ƙara kirana Yaya ba. Dangin mijina kuwa sun samu abin faɗa har jikoki.

Inna ta gaya wa su Yaya ba sau ɗaya ba cewa ba Sa'adatu ba ce. Suka ce to wa ye? Ta juya fuska. Suka ce tsufa ne da tausayi, tana kare ta ne kawai. Jiya ina ba ta kunu, mu biyu a ɗaki, ta ɗaga hannu ta tsai da cokalin. Ta ce, “Ranar Juma'a baban Sa'adatu zai zo.” Na ce na ji. Ta ce, “Habu ya ce in ya zo, a gabansa zai sauwaƙe mata.” Na ce na ji wannan ma. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, “Ido ne ba ni da shi, amma ni na haife ku, na san wanda bangon nan ya tsaya wa a rai. Ba zan kama sunan 'yata a gaban maza ba, ko za su yanka ni.” Na fashe da kuka na ce, “Inna, ku yafe mini, alheri na yi niyya.” Ta ce, “Ƙafata na yafe miki tun a asibiti. Ɗakin ma na yafe. Amma yarinyar nan ba ni kika yi wa ba, ba ni da ikon yafewa. Ba baki zan yi miki ba, Allah Ya kiyaye. Sai dai in aka sake ta kina tsaye kina kallo, kada ki ƙara kawo mini abinci, don ba zai wuce mini maƙogwaro ba.” Ta saki hannuna. Ragowar kunun haka na fita da shi.

Har a wannan ma na ji haushinta, na ce wato ta zaɓi 'yar wasu a kaina. Ina kan adaidaita sahu ina kuka ina wannan tunanin, har mai tuƙin ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Jama'a, na san gaskiya zan faɗa, ba sai kun yi mini wa'azi ba, na san ayoyin. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara, kuma ina tsoron in na tsaya a gaban Yaya ya ɗaure fuskar nan, bakina ya sake cin amanata kamar yadda ya yi sau biyu. In samu Habu shi kaɗai tukuna? In fara gaya wa mijina ya raka ni? In hau mota in je Jigawa in durƙusa a gaban iyayenta in ɗauko ta da kaina? Ko in bari sai an taru, in faɗa a gaban babanta, a wanke ta a inda kowa zai ji, tun da a gaban jama'a na shafa mata? Juma'ar jibi ce, ni kuma har yanzu haushi ne fal cikina, ban ma iya ba da haƙuri ba tare da na ɗaga murya ba.

Don girman Allah, ku gaya mini, me zan yi?